Ranar da Sadakin Ƙanena Ya Maƙale a Amurka

Ba zan taɓa mantawa da Juma'ar da aka ɗaura auren ƙanena Nafi'u a Gwiwa ba, kuma ko na so in manta, mutanen Babura ba za su bar ni ba. Har yau idan na sauka a tasha, akwai wani ɗan acaɓa da ke hango ni daga nesa ya ɗaga min yatsu uku. Kowa ya san abin da ake nufi. Ku da ba ku sani ba, ku gyara zama in tona wa kaina asiri da bakina, ya fi a ba ku labarin da ƙari.

Ni malamin makaranta ne a Kazaure, kuma lissafi nake koyarwa (ku riƙe wannan a ranku, zai yi amfani a gaba). 'Yan shekarun baya wani abokin aikina ya nuna min wata manhaja a waya, wadda mutum zai zauna a ɗakin malamai, fanka ba ta ko juyawa, ya sayi hannun jari a manyan kamfanonin fasaha na Amurka. Ka zuba naira, ta koma dala, ka danna, shi ke nan ka shiga sahun masu kamfani. Ranar da na fara saye har tafiyata sai da ta canza. Na tsaya wurin mai shayi na ce a soya min ƙwai uku, ni da ban taɓa wuce ɗaya ba.

A ƙarshen makon na je Babura na yi wa Kawu Sale bayani, ba don ina son ya shiga ba, don dai ya san ɗan ƙanwarsa ya wuce inda yake zato. Kawu yayan mahaifiyarmu ne, ɗan kasuwar hatsi, bai yi boko ba amma yana juya sefa zuwa naira da ka kafin ka gama lalubo kalkuleta. Tun ina yaro sana'arsa iri ɗaya ce. Da kaka ya sayi gero da wake da riɗi, ya sa musu magani, ya jera buhuna a sito, ya danna kwaɗo biyu, ya jefa makulli a aljihu. Ba ya sake buɗe ƙofar nan sai bazara, lokacin da abinci ya yi ƙasa a rumbunan mutane.

Ya saurare ni har na gaji da zuba, sannan ya ce, "Shi wannan kamfanin da kake ta yabo, me yake yi?"

Na ce, "Ƙwaƙwalwar na'ura yake ƙerawa, Kawu. Kwamfutoci da manyan injina duk sai da ita suke aiki."

"Babu giya a ciki? Babu caca?"

"Na bincika, babu."

"Baɗi mutane za su daina neman abin?"

"Sai ma abin da ya ƙaru."

"Ƙwaro yana cinsa?"

Na tuntsire da dariya. Shi bai yi ba. Ya shiga ɗaki ya ɗauko wata babbar waya da 'yarsa ta saya masa, wadda ya ƙi amfani da ita don wai ba ta da madannai, ya ce in zuba masa kuɗin gero buhu goma. Na buɗe masa asusu, na saya masa irin wanda na saya, na rubuta masa lambar sirri a takarda. Sai na ga ya kashe wayar, ya naɗe ta da takardar a leda, ya saka a akwatin ƙarfen da yake ajiye takardun gona.

Na ce, "Kawu, ai wannan kullum ake dubawa. Farashin a minti ɗaya yake hawa ya sauka."

Ya ce, "Ni idan na rufe sito ba na leƙawa. Leƙen ne yake sa mutum ya sayar da wuri."

Na fito ina girgiza kai, ina tausaya wa tsoho.

Ni kuwa kwana tara na yi na sayar da nawa, na ci 'yar riba, na saya wa malamai tsire (ribar tana cikin waya, kuɗin tsiren daga albashina ya fita, amma ban bari wannan ya ɓata min rai ba). Daga nan aka sa ni a wani guruf na masu saye da safe su sayar da yamma, ƙarƙashin wani oga da babu wanda ya taɓa ganin fuskarsa a cikinmu. Kullum zai turo zane mai layuka kore da ja, ya ce a shiga, mu shiga, ya ce a fita, mu fita. Kasuwar can kuma tana buɗewa ne bayan azahar agogonmu, saboda haka ɗaliban da nake da darasi da su a ƙarshen yini sun sha aikin aji babu dalili. A ɗakin malamai aka sa min suna Malam Dala, ni kuma ina amsawa da fara'a, ban gane tsokana ba ce.

Matata Hadiza ta fi kowa sanin gaskiyar lamarin. Ina shigowa gida za ta dubi fuskata ta ce, "Malam, yau mun ci ne ko an ci mu?" Idan kore ne in nuna mata waya. Idan ja ne in ce kaina ke ciwo. Shekara uku ina haka, ni malamin lissafi, ban taɓa zama na haɗa abin da na zuba da abin da ya rage ba, domin na san amsar kuma ba na son ta. Hotunan ranakun riba kawai nake ajiyewa. Duk da haka idan an haɗu a gida da sallah, sai in ce wa 'yan uwa Kawu ya binne kuɗinsa a akwati tare da takardun gona, a yi ta dariya. Kawu yana ji, yana ɓare gyaɗarsa.

To, sai ga auren Nafi'u. Mahaifinmu ya rasu, Baffanmu kuma ciwon ƙafa ya zaunar da shi, saboda haka ni babban wa na zama wakilin ango, wato ni zan zauna gaban liman in nema masa auren, in kuma miƙa sadaki. Nafi'u gyaran babur yake yi a Babura, ba mai yawan magana ba ne. Don wannan auren ya sayi ɗan maraƙi ya ɗaure a bayan gida, shekara ɗaya da rabi yana yi masa hidima, dusa da harawa da yankan ciyawa, har ya zama sa na a zo a gani. Da aka sa rana ya kai shi kasuwa ya sayar. Ranar Litinin ya hau mota ya same ni a Kazaure, ya durƙusa ya ajiye baƙar leda a gabana.

"Yaya, ga sadakin nan, dubu ɗari biyu da hamsin. Ka riƙe a wurinka zuwa Juma'a. Idan yana hannuna hidimar biki za ta gutsure shi."

Na ce masa ya yi tunani mai kyau. Har nasiha na yi masa a kan tattali.

Bai kai Babura ba ogan guruf ya turo saƙo. Wai wani kamfani zai bayyana cinikin da ya yi ranar Laraba, farashi zai tashi sama, wanda bai shiga ba shi ya so. Na dubi saƙon, na dubi ledar. Na ce da kaina, yanzu kuɗin nan kwana huɗu za su yi a ƙarƙashin katifa suna barci? In saka su yau, in cire ranar Alhamis, abin da ya hau kai in saya wa ango fanka da kafet. Har na ji ina burge kaina da irin son da nake yi wa ƙanena. Kafin la'asar sadakin Nafi'u ya bar ƙasar nan.

Talata kore. Hadiza tana gyaran gado ta ce ina ledar da Nafi'u ya kawo, na ce tana wuri mai aminci, ta dube ni ta ci gaba da gyaranta. Laraba ma kore, har kuɗin fankar sun fito. A nan ya kamata in sayar. Amma ni da ban taɓa iya riƙe hannun jari na mako biyu ba, ranar nan na zaɓa in zama mai haƙuri, domin ina hangen kafet.

Ranar Alhamis kasuwa na buɗewa, layin nan ya yi ƙasa kamar guga ya tsinke a rijiya. Kusan kashi ɗaya cikin huɗu na kuɗin ya tafi kafin in gama goge gilashina. Abin haushin, kamfanin riba ya ci, wai dai ba ta kai yadda masu kuɗin can suka sa rai ba (har gobe ban gane kasuwar da ake hukunta mutum don ya ci riba ba). Ogan guruf ya rubuto cewa wannan dama ce ta ƙara saye, sannan ya kulle guruf ɗin yadda babu mai iya magana sai shi.

Na daure na ce ba komai, in sayar a haka, in nemi cikon a wurin abokai. Na shiga wurin cire kuɗi don in ga yadda ake yi, sai na ci karo da wani ɗan rubutu a ƙasa: kuɗi na isa banki bayan kwana uku na aiki. Na karanta sau huɗu. Shekara uku ina cikin harkar nan ban san da wannan ba, saboda dalili mai sauƙi, ban taɓa samun abin cirewa ba, zubawa kawai na iya. Ko na sayar a lokacin, sadakin ba zai iso ba sai amarya ta kwana biyu a ɗakinta. Na bar su a yadda suke, na zauna na yi tagumi.

Na kira abokan aiki uku. Wata ya yi nisa, kowa jiran albashi yake, ɗaya ma cewa ya yi, "Malam Dala da kansa?" ya yi dariya ya kashe. Da ba yadda zan yi na gaya wa Hadiza. Ba ta yi faɗa ba, wanda ya fi faɗan ciwo. Adashinta ya riga ya shige hidimar biki. Ta ce, "Ka kira Kawu yanzu, tun da sauran lokaci." Na ce in kira mutumin da na shekara uku ina yi wa dariya? Ta ce, "To ka kira Nafi'u ka gaya masa." Na ce wannan ma ba zai yiwu ba. Ta ce, "To Allah ya kai mu goben," ta tashi ta bar ni.

Dabarar da na ƙulla ita ce in fake da sabis. A ƙasar nan wa bai taɓa fakewa da sabis ba? Zan ce ta waya zan tura, in ɗaga waya sama in yi tsaki, in ce abin ya ƙi tafiya. Dattawa za su ce ba komai, a tura daga baya, a shafa fatiha. A lokacin sai na ga dabarar ba ta da ƙofa ko ɗaya.

Ranar Juma'a motar 'yan ɗaurin aure ta taso daga Babura ta ɗauke ni a Kazaure. Ina zama kusa da Kawu ya ce, "Amanar tana tare da kai?" Na dafa aljihun da waya take na ce, "Tana nan, Kawu." Na lallashi kaina cewa wannan ba ƙarya ba ce tsantsa.

A Gwiwa ana sallame sallah aka ce jama'a su dakata akwai ɗaurin aure, kuma kusan babu wanda ya tashi. Aka matsar da ni gaba. Ga liman, ga lasifika, ga sanƙira a tsaye, mutumin da aikinsa shi ne duk abin da aka faɗa a hankali ya maimaita shi da ƙarfi don na waje su shaida. A gabana kuma ga waliyyin amarya, Baffanta Malam Isiyaku, wanda ya yi shekaru yana magatakarda a gidan hakimi kafin ya yi ritaya. Irin dattawan nan ne da ko goro aka ba su sai sun juya shi sun duba bayansa.

Farko komai ya tafi daidai. Na nema wa Nafi'u auren Zainab. Aka tambayi sadaki, na faɗa, sanƙira ya maimaita. Sai liman ya yi tambayar nan da ake yi a kowane ɗaurin aure: "Lakadan ko ajalan?" Wato a ajiye kuɗin nan take, ko a bar shi bashi zuwa wani lokaci. Duka biyun addini ya yarda da su, amma a wajenmu tambayar cika ƙa'ida ce kawai. Tun da nake ban taɓa jin wanda ya ce ajalan ba, kafin liman ya rufe baki an ce lakadan an dire kuɗi a tabarma.

Na ce, "Lakadan ne, Allah ya gafarta Malam. Sai dai ta waya zan tura, to kuma sabis ɗin garin nan..." Na ɗaga waya sama ina juya ta, na yi tsakin da na kwana ina gwadawa.

Malam Isiyaku bai ko dube ni ba. Ya waiga ya ce, "Ina Habu?"

Wani magidanci ya taso daga sahu na biyu, ya zura hannu a aljihun riga ya zaro na'urar POS. Ashe ɗan wan amarya ne, sana'arsa ke nan a bakin kasuwa. Ya durƙusa kusa da ni da ladabinsa ya ce, "Sabis cike yake, ranka ya daɗe, kafin huɗuba ma na sallami mutum uku. Kawo katin, ko ka tura ta wannan lambar, yanzu in ƙirgo maka."

Abin da ke asusuna na banki a lokacin bai fi kuɗin motar komawa Kazaure ba. A daidai lokacin kuma wayar ta fara zillo a hannuna, kasuwar Amurka ta buɗe, manhaja tana sanar da ni cewa an ƙara faɗuwa. Habu yana miƙo min na'ura, ni ina kallon ta kamar ban taɓa ganin irinta ba.

Liman ya sassauta murya ya ce, "Malam, muna sauraronka. Lakadan ko ajalan?"

Na ce, can ƙasan maƙoshi, "Ajalan."

Na yi fatan iyakar mu huɗu muka ji. Na manta da sanƙira. "Sadaki ajalan!" in ji shi, lasifika ta kai maganar har bakin titi. Aka fara gunaguni a baya.

Liman mutumin kirki ne, ya so ya rufa min asiri. Ya ce, "Babu laifi, shari'a ta yarda. Sai dai ajali yana son rana. Zuwa yaushe?"

Da ina da hankali da na ce zuwa Laraba. Amma abin da ya kwana yana yawo a kaina shi ya fito. Na ce, "Kwana uku na aiki."

"Ajalan, kwana uku na aiki!"

Wani ya yi tari irin na mai danne dariya. Malam Isiyaku ya gyara zaman gilashinsa, ya dube ni a karon farko. Ya ce, "Ɗana, mu dai an gaya mana yaron nan ya sayar da sansa tun makon jiya. Ina kuɗin suke?"

A gaban liman, a cikin masallaci, ranar Juma'a, ƙarya ta ƙi fitowa. Na ce, "Suna Amurka, ranka ya daɗe."

Ko sanƙira sai da ya ɗan tsaya. Amma aiki aiki ne. "Jama'a, sadaki yana Amurka!"

Daga can baya wani ya ce, "Allah ya dawo da shi lafiya," kuma wallahi sai da aka samu masu cewa amin. Dariya ta ɓarke, ta ciki ta haɗu da ta waje. Na sunkuyar da kai ina ƙirga zaren tabarma.

Malam Isiyaku bai yi dariya ba. Ya jira aka lafa, sannan ya ce wa liman, ba ni ba, "Allah ya gafarta Malam, ba kuɗin ne damuwata ba. Wannan shi ne babban gidan. Idan haka yake riƙe amanar kwana huɗu, ni kuma 'ya zan bayar, ta rayuwa gaba ɗaya. Ina ganin a ɗaga, mu koma gida mu sake shawara." Ya fara tattara babbar rigarsa zai miƙe.

A nan dariyar ta ɗauke. Kowa ya san auren da aka ɗaga a gaban jama'a ba lallai ya sake zama ba. Sai a lokacin na gane ba mutuncina kaɗai na kai kasuwa ba, har da matar Nafi'u.

Kawu Sale ya yi gyaran murya daga bayana. Bai ɗaga harshe ba. Ya zura hannu can cikin 'yar cikinsa ya zaro damin kuɗi ɗaure da roba, kuɗin da zai sayi riɗi da su washegari, ya ajiye a tabarma. Ya ce, "Malam Isiyaku, ranka ya daɗe, a yi mana afuwa. Gidan yana da manya, wannan karatu ne ya yi masa yawa. Yaron da kuka ba wa 'ya, shi ya yi kiwon san da hannunsa, ku duba wannan. Lakadan ne."

Malam Isiyaku ya dubi Kawu, sannan ya saki rigarsa ya koma ya zauna. Habu ya ajiye na'ura ya ƙirga, suka cika. Sanƙira ya cika ƙirji ya ce, "Sadaki ya dawo! Lakadan ba ajalan ba!" Aka ɗaura, aka shafa fatiha. Wani ya danƙa min dabino a hannu, na riƙe shi har muka fito ban iya kai shi baki ba.

Nafi'u yana waje a gindin darbejiya da abokansa, cikin farar shadda, duk ya ji ta lasifika. Na nufe shi ina haɗa kalmomin ban haƙuri. Ya ja ni gefe don kada abokan su ji, ya ce a hankali, "Yaya, wata goma sha takwas ina ba san nan dusa. Sau nawa aka taya shi ina cikin babu na ƙi sayarwa. Kai kwana huɗu kawai na ce." Iyakar abin da ya faɗa ke nan, ya koma wurin masu yi masa murna. Da zagina ya yi da ya fi min sauƙi.

Washegari Kawu ya aiko in same shi a gida, na tarar da mahaifiyarmu Hajiya a zaune, ta ƙi ko amsa gaisuwata da kyau. Kawu ya jawo akwatin ƙarfe ya ciro ledar nan ta shekara uku, ya ce, "Tunda an ce na binne, tono min mu gani." Sai da aka yi wa wayar caji, ta yi ta 'yan sabunte-sabuntenta, sannan ta buɗe. Na duba, na sake dubawa. Kuɗin gero buhu goma sun ninka, sun sake ninkawa, har da ɗori. Kamfanin da na saya mako ɗaya da shi na sayar a kwana tara don in ci tsire.

Don in rage wa kaina zafi na nuna masa wani wawakeken rami a tsakiyar zanen. Na ce, "Kawu, ka ga nan? A nan kuɗinka sun kusa rabewa biyu."

"Wane lokaci ne?"

"Bara waccan, wajen damina."

Ya ɗan yi tunani ya ce, "Lokacin ina fama da noman gero da ya ƙi ƙarewa. Ban ji komai ba." Sannan ya nuna ni da makulli. "Kada ka ɗauka ajiya ba ta cin mutum. Shekarar da wake ya karye, shanu biyu na sayar na rufe asara. Wannan ɗin ma da ya rushe, ya rushe, kuɗin da zan iya mantawa da su na zuba. Amma tun da nake ban taɓa cika sito da kuɗin wani ba, balle kuɗin da aka sa wa rana." Na ce ko in sayar masa tunda ya yi riba haka? Ya ce in kashe in mayar a leda.

Sai ya yanke hukunci. Bai ce in biya shi a mako ko a wata ba. Ya sa na cire layina na saka a wata ƙaramar waya mai tocila, ya karɓi tawa babbar, sadakin Nafi'u na ciki yadda na bar shi. Hajiya ta sa na yi alkawari a gabanta ba zan buɗe asusun a wayar kowa ba. Muka tafi sito ni da Kawu, ya naɗe wayar a leda, ya cusa ta tsakanin buhunan riɗi, ya danna kwaɗo biyu. Ya ce, "Sai bazara. Abin da muka tarar, shi ne rabonka."

Makon farko na sha wuya. Azahar na wucewa babban yatsana ya fara motsi shi kaɗai, in zaro 'yar wayar in kunna tocila in kashe. Daga baya na saba. A zangon nan ne na gama manhajar karatu da ɗalibaina a karon farko cikin shekara uku, har shugaban makaranta ya tambaye ni ko lafiya.

Da bazara aka buɗe sito. Wayar ta fito tana warin maganin ƙwari. Da na kunna na tarar farashin ya farfaɗo, ya koma inda na saya, ya ɗan wuce. Ba gwanintata ba ce, kuma ba dole ba ne ya zama haka, domin akwai abokin aikina da ya riƙe wani kamfanin har yau bai tashi ba. Amma gaskiya ɗaya ce, ribar kirki ɗaya tak da na taɓa ci a harkar nan, na ci ta ne a watannin da aka kulle min hannu da kwaɗo biyu. Na sayar, na jira kwana ukun nan na aiki ina ƙirga su da yatsu, na kai wa Kawu kuɗinsa. Abin da ya hau kai na saya wa Nafi'u fankar.

Bana Zainab ta haihu. Na je barka da ƙarfin gwiwa, na ce wa Nafi'u ya kawo kuɗin ragon suna in zaɓo masa, ina da mutum a kasuwa. Ya yi murmushi, ya sunkuyar da kai da ladabinsa kamar kullum, ya ce, "Allah ya saka da alheri, Yaya. Na riga na ba Kawu." Aikin da aka ba ni shi ne rabon goro da alawa, su ma sai da safiyar sunan aka miƙo min, a ƙirge.

Abin da na koya dai bai taka kara ya karya ba, kowane mai hatsi a Babura ya san shi ba tare da manhaja ba: kuɗin da ke da rana ba a kai su kasuwar da ba ta san ranar ba, kuma idan hannunka mai ƙaiƙayi ne, ka nemi mai kwaɗo. Kuɗin sun dawo cikin wata shida. Yardar ƙanena kuwa har yanzu ajalan take, kuma wannan karon babu wanda ya gaya min kwana nawa ne na aiki.